Kundin aiki: karanta hatimi da rubutu a jikin tsohuwar azurfar Jamus

11 ga Janairu, 2025

Maigidan da nake taya aiki a nan Bremen sana'arsa kwashe kayan gidajen da masu su suka rasu ko suka koma gidan kula da tsofaffi. Magada su ɗauki abin da suke so, saura a bar masa. Shekara da shekaru, duk abin da ya ga yana ƙyalli sai ya jefa shi cikin akwatunan katako a bayan shago, wai wata rana zai zauna ya tantance. Ranar ba ta zo ba, ido kuma ya fara rauni, sai aikin ya faɗo kaina. Abin da yake so shi ne kowane kaya ya samu takardarsa: azurfa ce ko ruwan azurfa, nawa ne awonta, wa ya ƙera, a wane gari, wajen wane zamani.

Kayan aikina gilashin ƙara girma mai ninki 10, ƙaramin sikeli, tocila, tsumma mai laushi da littafin rubutu. Ba zan goge komai ba sai na karanta shi. Baƙin da ya kwanta cikin ramin hatimi shi ke fito da siffarsa, in ka wanke shi ka kashe wa kanka fitila.

18 ga Janairu

Rabon farko, kuma mafi yawan kayan sun faɗa ɓangaren da ba azurfa ba. Duk cokalin da ke ɗauke da 90, ko 60, ko 100, ruwan azurfa ne aka yi masa. Lambar ba awon tsarki take faɗa ba. Ma'anar 90 ita ce an kashe giram 90 na azurfa wajen rufe manyan cokula 12 da masu yatsu 12 gaba ɗaya. Shi ya sa a wasu za ka ga 90, kusa da ita kuma 45, wato rabon dozin ɗaya ke nan. Cikinsu kuwa gauraye ne na jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda Jamusawa ke kira Neusilber ko Alpacca, babu ko ƙwayar azurfa a ciki. A shekarun 1820 aka fara yin sa a nan ƙasar, Ernst August Geitner a yankin Saksoniya da 'yan'uwan Henniger a Barlin, kuma tun daga lokacin yake ruɗar mutane.

Tambarin kamfanin WMF na garin Geislingen ya fi kowanne yawa, tsofaffin ma da hoton jimina tana gudu. Akwai na Wellner na garin Aue, wasu da hoton giwa.

Maganaɗisu ba ya raba gardama, domin ba ya kama azurfa, ba ya kama Alpacca. Ruwa ne ke rabawa. A auna cokali, a ɗora kofin ruwa kan sikeli a mayar da shi sifiri, a rataye cokalin da zare ya nutse ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba, sannan a raba nauyin farko da na biyu. Azurfa mai awon 800, wato kashi 800 cikin 1000 zalla, tana ba da wajen 10.1, Alpacca kuwa wajen 8.7. Tazarar tana da faɗi, ko da hannu ya ɗan yi rawa ba za a rikita su ba. Wuƙaƙe ba sa shiga wannan gwaji, ƙotarsu holoƙo ce da aka cika da ƙaro.

26 ga Janairu

Yau na shiga masu jinjirin wata da kambi. Wannan shi ne hatimin da kowa ya sani: jinjirin wata, kambin sarauta, lamba 800, sai tambarin kamfani. Asalinsa dokar 16 ga Yuli, 1884, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1888. An sanar da siffar hatimin tun 1886, don haka wasu kamfanoni sun riga dokar farawa. Wata na azurfa ne, zinariya kuwa rana aka ba ta. Ƙasa da 800 cikin 1000 ba ya samun wannan hatimi.

Abubuwa biyu ne masu saye suka cika mantawa. Na farko, ba wata hukuma ce ke bugawa ba. A Ingila sai an kai kaya ofishin awo an gwada kafin a buga hatimin zaki. A Jamus kamfanin ne ke buga wa kansa, alhaki na wuyansa in aka kama shi da ha'inci. Saboda haka tambarin kamfani shi ne ainihin shaidar, watan da kambin alƙawari ne kawai. Na biyu, kambin bai tafi tare da sarautar ba. Kaisa, wato sarkin Jamus, ya sauka a 1918, kambi ya ci gaba da hawa cokali har yau. Na sha jin mai sayarwa a kasuwar gwanjo yana nuna kambi yana cewa ai zamanin Kaisa ne. Kambin bai ce haka ba. Abin da ya ce kawai shi ne kayan bai girmi tsakiyar shekarun 1880 ba.

Da yake a Bremen muke, kamfanonin gida sun cika akwati. Wilkens, wanda ya faro a 1810, tambarinsa injin matsa ƙarfe mai dunƙulen juyawa, ƙanƙane har sai an sa gilashi. Koch & Bergfeld na 1829, nasu kwano mai ƙafa. Daga kudu akwai Bruckmann na Heilbronn da mikiyarsa, kuma abin da ya burge ni da su shi ne sun ware wa kayan ruwan azurfa wani tambari daban, kan jirgin ƙasa, don kada a haɗa. Daga arewa R&B, Robbe & Berking na Flensburg. Masu 835 da na gani duk salonsu na bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, abin da ya yi daidai da lokacin da wannan awon ya yaɗu.

2 ga Fabrairu

Wani ɗan'uwa da ya leƙo shago ya tarar da ni cikin tulin cokula, ya ce, "Malam, ka dai san hukuncin ci da sha a kwanon azurfa ko?" Na ce na sani, hadisin yana cikin Buhari da Muslim, ni karatu nake yi musu ba tuwo nake ci da su ba. Sai hira ta koma kan zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, kuma kilo guda na mai awon 800 giram 800 ne na azurfa zalla a cikinsa. Ashe wanda ya gaji irin waɗannan kaya yana da dalilin sanin lambar nan ko da ba sayarwa zai yi ba. Sauran bayani na malamai ne.

15 ga Fabrairu

A ƙasan akwati na biyu na tarar da abin da nake fata: cokula sirara, marasa nauyi, bakinsu ya cinye ta gefen hagu saboda shekarun kankare tukunya da hannun dama. Babu wata, babu kambi. Sai lamba 12, wasu 13.

Wannan tsohon awo ne da ake kira Lot. Ana raba nauyin azurfa kashi 16, sai a faɗi kashi nawa ne zalla. 12 ta zama 750 cikin 1000, 13 ta zama 812.5, 14 kuma 875. Arewa, irin su Hamburg da Barlin, sun fi aiki da 12. Augsburg da Nurembag da 13. Kafin a haɗe Jamus a 1871 kowane gari da dokarsa da ƙungiyar maƙeransa, kuma ƙa'idar hatimi biyu ce: maƙeri ya buga nasa, galibi haruffan sunansa, sannan ya kai wa mai duba awo na gari, shi kuma ya buga na gari.

Hatiman gari daga tambarin garin ake ɗauko su, don haka wanda ya san tambarin garuruwa ya ci rabin aiki. Bremen mabuɗi. Hamburg ƙofar ganuwa mai hasumiya uku. Barlin dabbar beyar a tsaye. Nurembag harafin N kawai. Dresden takubba biyu a gicciye da D, Leipzig su ɗin dai da L. Munik ƙaramin limamin kirista cikin doguwar riga. Augsburg ƙwallon wata bishiyar daji mai ɓawo-ɓawo, wanda in ka gan shi a hatimi sai ka rantse 'yar abarba ce.

Huɗu daga cikin cokulan na Hamburg ne, da harafi a cikin bakin ƙofar. Harafin na mai duba awo ne ba na shekara ba, don haka abin da yake bayarwa tsawon zamanin aikin mutumin ne, wanda kan iya kai shekaru masu yawa. Wani cokali guda mai 13 na ware shi gefe: lambar tana cikin hatimi mai siffar ƙafar keke tare da shekara a kusurwoyinsa da harafin A a sama. Wannan na Biyana ne ta Austiriya, ba na nan ba.

16 ga Fabrairu

Bayan cokulan Hamburg akwai rubutu da aka yi da ɗige-ɗige, ba yanka ba: haruffa biyu a sama, biyu a ƙasa, sai 1843. Al'adar ƙauyukan arewa ce, kyautar aure ko ta baftisma, maƙerin gari ya tsattsaga sunayen da tsinin ƙarfe. A nan shekarar da salon cokalin da hatimin duk sun yi magana da baki ɗaya, na rubuta "wajen 1843" hankalina kwance.

Ba kullum ake samun haka ba. Shekarar da aka zana a jikin kaya shekarar mai kaya ce, ba ta maƙeri ba. Duk wanda ya tashi kusa da maƙeran fari a ƙasar Hausa ya san dalar Mariya Tereza da suke narkarwa su yi mundaye da zobba: 1780 ke jikin kowace, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekarar fiye da ƙarni biyu. Haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton ma na jami'an gidan buga kuɗi na Günzburg ne, garin da yanzu ke cikin Bavariya, kuma sun ci gaba da fitowa bayan masu sunan sun daɗe a ƙasa.

23 ga Fabrairu

Akwatin sukari mai makulli. Tun makon farko na gan shi na ajiye shi sai na samu natsuwa. Sukari a wancan zamani kayan tsada ne, uwargida ke riƙe da ɗan mabuɗin.

Gindinsa cike yake da labari. Akwai beyar ta Barlin da harafi a bayanta. Akwai hatimin maƙeri. Akwai wani layi mai zikzak da aka ƙwaƙule, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Wanda bai sani ba zai ce lahani ne, alhali nan ne mai duba awo ya kankari ɗan ƙarfen da zai gwada. Na gaskiya yana da zurfi, ba shi da tsari, domin mai yin sa ƙarfe yake nema ba ado ba.

Sai hatimi na huɗu, ƙarami, haruffan FW a manne. A 1809, bayan Napoleon ya karya Furusiya, masarautar da Barlin ke babban birninta, ya ɗora mata biyan diyya mai nauyi, Sarki Friedrich Wilhelm na Uku ya sa haraji kan azurfar gidaje: ko ka miƙa a narkar, ko ka biya a buga maka wannan hatimi. Duk abin da ke ɗauke da shi ya riga ya wanzu a wancan lokaci. Wannan hatimi cewa yake "ba bayan kaza ba". Wata da kambi kuwa "ba kafin kaza ba" suke cewa.

A kan murfin kuma an zana haruffa masu lanƙwasa da 1871. Da rubutun kaɗai mutum zai bi, da ya rage wa akwatin sama da shekara sittin. Wata jika ce ko tattaɓa-kunne aka ba shi ranar aurenta, aka kai wa mai zane ya sa sunanta. Ko hannun ma ya bambanta: yankan 1871 kaifi gare shi har yanzu, gefen hatiman gindi kuwa ya lallashe.

Na nuna wa maigida. Ya juya shi ya sake juyawa, ya ce shekarun baya saura kaɗan ya haɗa shi da kayan narkarwa.

6 ga Afrilu

Azumi ya tsayar da aiki, ido ba ya jure gilashi da yunwa. An yi salla lafiya.

Na dawo kan wani kofi mai murfi wanda maigida ya fi ɗora wa rai. An yi masa ado da yara masu fukafukai da 'ya'yan itatuwa, gindinsa kuma hatimi har biyar: abarbar Augsburg, lamba 13, zikzak, wani harafi mai kambi, da wani abu kamar furen sarautar Faransa. Shi a ganinsa yawan hatimi yawan daraja.

Ni yawan ne ya sa na tsargu. Harafi mai kambi da furen nan salon Faris ne na kafin juyin juya halin 1789. Me ya kawo su gindi ɗaya da Augsburg? Maƙerin Augsburg na gaskiya hatimi biyu ya ishe shi, da zikzak ɗinsa. Tun shekarun 1730 kuma akwai harafi a ƙarƙashin abarbar da ke nuna zangon shekarun da aka yi awo, an kuma tattara su duka a aikin Helmut Seling kan maƙeran garin. Na je ɗakin karatu na gwada hoton da na ɗauka da nasa, na gwada da na Marc Rosenberg, wanda littafinsa na hatiman maƙera ya fara fitowa a 1890 kuma har yau da lambobinsa dillalai ke magana. Abarbar kofinmu ba ta zauna kan ko ɗaya ba. Zikzak ɗin ma a miƙe yake, marar zurfi, kowane haƙori daidai da ɗan'uwansa.

Aikin Hanau ne. Garin yana kusa da Frankfurt, kuma sana'ar zinariya da azurfa ta kafu a can tun zuwan 'yan gudun hijirar addini daga Holan da yankin Waloniya a 1597. A ƙarshen ƙarni na 19, da masu kuɗi suka haukace kan kayan da, kamfanoni irin su Schleissner da Neresheimer da Georg Roth suka shiga ƙera sababbi cikin tsohon salo, suna buga musu hatimai masu kama da na da. Yau an san waɗannan hatimai har ana gane kamfani da su. Waɗanda aka kai Ingila sun fi sauƙin kamawa, domin can sai an gwada an buga harafin shekara, da F na kayan waje kafin 1904, sau da yawa kuma da BM na Berthold Müller, dillalin da ya shigo da su da yawa ta Chester da Landan.

Na ce wa maigida, "Kofinka azurfa ne, aikin hannu ne mai kyau, shekarunsa sun haura ɗari. Amma na wajen 1900 ne, ba na 1700 ba." Bai ji daɗi ba. Ni dai ban ga abin raini a kayan Hanau ba, masu bugun adon nan gwanaye ne na gaske. A sayar da shi da sunansa kawai.

19 ga Afrilu

Mako biyu ina kan rubuce-rubuce, kuma sun fi hatimi cin rai. Manyan haruffan tsohon rubutun Jamus suna shiga rigar juna: A da U, B da V, C da E, N da R. I da J kuwa kusan abu ɗaya ne. In aka sarƙa uku wuri guda sai ka bi kowane layi da tsinken sakace kafin ka san inda ya dosa. Dabarar da ta fi yi mini ita ce in kwantar da tocila a gefe haske ya shafi ƙarfen, in ɗauki hoto, in kwafa da fensir a takarda. Hannu na gane abin da ido ya tsallake.

Gajerun kalmomi suna maimaituwa. "gew. v." na nufin wane ne ya sadaukar. "z. fr. Erg." na nufin don tunawa ta alheri. "s/l." kan zo a kyautar ɗaliban jami'a ga abokinsu, tare da alamar ƙungiyarsu da zangon karatu, wanda ke ba da shekara daidai. Kambin da ke saman haruffan suna shi ma ana ƙirga ƙwallayensa: biyar na ƙaramin basarake, bakwai na mai sarautar Freiherr, tara na Graf da ke sama da shi. Sai dai mai zane ba ya tambayar takardar asali, wanda ya biya shi yake yi wa, don haka ban rubuta "gidan sarauta" a takardar kowa ba.

Wani ludayin miya an rubuta masa "Zur Silberhochzeit 1869–1894", bikin cika shekara 25 da aure. Shekara ta biyu ce tasa, wata da kambin da ke bayansa sun yarda. Akwai kuma cokula shida masu 1851 a ƙota, biyar da lamba 12, na shida da wata da kambi da 800. Ɗaya ya ɓace ko ya karye, bayan shekaru masu yawa aka sa kamfani ya yi madadinsa, mai zane ya kwafi shekarar yadda ya gan ta. In ka jera su ka duba da kyau na shidan ya fi kauri, bakinsa kuma bai cinye ba.

Wani faranti na ga tsakiyarsa ya fi sauran wuri sheƙi. Na hura masa numfashi, sai inuwar tsofaffin haruffa ta bayyana ta ɓace. An kankare sunan wani ne don a sayar. Da na danna da babban yatsa wurin ya ɗan motsa, ƙarfen ya sirance. Wannan zai rage masa kuɗi, na kuma rubuta.

3 ga Mayu

Wuƙaƙe. Ƙota da ruwa ba lallai su zama sa'o'in juna ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa sai a 1912 kamfanin Krupp ya yi rajistarsa, sunan Nirosta da ya ba shi kuma na 1922 ne, don haka ruwan wuƙa mai "Rostfrei", wato marar tsatsa, a kan ƙota mai salon 1890 sauyi ne aka yi daga baya, abin da gidaje da yawa suka yi don sun gaji da kankare tsatsa. Ƙotar nake bi wajen sa zamani, in ambaci ruwan daban. Haka D.R.G.M. da ke jikin wani matsamin sukari: rajistar ƙira ce da aka fara a 1891, ba ta da alaƙa da awon ƙarfe.

Akwati biyu sun kammala. Kayan ruwan azurfa za su tafi kasuwar gwanjo dozin-dozin. Karyayyun masu 800 da babu mai gyara su za a kai wa mai narkarwa bisa nauyi. Cokulan Hamburg da akwatin sukari na Barlin da kofin Hanau za a kai gidan gwanjon kayan tarihi, kowanne da takardarsa da hotunan hatimansa. Dillalin can ya ce zai sa musu na'urar haske mai karanta ƙarfe. Na roƙe shi ya gwada kofin a wuri fiye da ɗaya, domin na'urar fatar sama kawai take gani.

Akwati na uku na buɗe shi da yamma. A sama akwai alkukai biyu masu gindi cike da ƙaro, an rufe ƙasansu da ƙyallen ulu da aka manna. Hatimin irin waɗannan a gefen gindi yake zama ko ƙarƙashin ƙyallen, don haka ranar Asabar sai na nemi izinin maigida kafin in ɗaga shi.